Gangar da ke Bayan Muryar Marigayi

"Saura kwana uku, Yaya Kalilu, kuma har yanzu Baba bai ji ko kalma ɗaya ba."

Nana Hauwa ce ta faɗi haka, tana tsaye a bakin shagona da ke kasuwar Sabon Birni. Hantsi ne, amma rana ta riga ta yi zafin azahar. Daga makarantar Islamiyyar mahaifinta ta taso, inda take koyarwa, alli bai ma gama fita daga yatsunta ba.

Na miƙe na ba ta kujera, na kasa haɗa ido da ita.

Shekara ta biyu ke nan sama ta riƙe ruwanta. Bana sau biyu aka yi shuka, sau biyu gero ya fito kamar allura ya ƙone. Daga Tsamaye har Bafarawa babu zancen da ake yi sai na hadarin da ke haɗuwa a gabas ya watse. Saboda haka manyan gari suka tsayar da Alhamis za a fita fili roƙon ruwa, suka ɗora wa mahaifinta, Malam Na'Allah, jan addu'a.

Malam ya ce ba zai ja wata addu'a ba sai wadda mahaifinsa, marigayi Malam Ibrahima, ya ja a babban farin da aka yi shekara arba'in da suka wuce. Ba a rubuta ta ba. Wani malamin gona ne ya ɗauke ta a kaset a ranar, kaset ɗin kuwa yana cikin gafakar Malam tun lokacin.

Ni aka kawo wa shi, domin ni ne mai difloma a fannin lantarki, ni kaɗai kuma nake da rikodar da ke juye kaset zuwa memori. Na juye shi. Zaren ya tsufa ƙwarai, yana kaiwa ƙarshe ya tsinke, ya murmushe kamar busasshen ganye. Abin da ke cikin memori shi kaɗai ya rage a duniya.

Ni ne kuma Kalilu ɗan Bawa Makaɗi, jikan Wada Makaɗi. Sau biyu na tura manya neman auren Nana Hauwa, sau biyu Malam ya sallame su da magana ɗaya: gidan allo ba ya haɗa jini da gidan ganga. Bai yi mata dole ta auri Halliru ba, ɗan ƙanensa mai fataucin kaya daga Maraɗi, amma ni ma bai buɗe mini ƙofa ba. Sai da maganar kaset ta taso ya ce wa mahaifiyarta, "In yaron ga ya riƙe amanar muryar ubana, ran Juma'a za ni duba maganarsa. In ya ci amana, kada in sake jin sunansa a gidan ga."

"Kunnensa ya yi nauyi, ka sani," in ji Nana Hauwa. "Mun kunna masa a waya, ya ce hayaniya kawai yake ji. Jiya Yaya Halliru ya kawo masa wannan."

Ta ajiye wani kwali mai ruwan zinari a kan teburina. Iyafis ne a ciki, abin sauraro na sawa a kunne, yana da 'yar fitila mai ƙyaftawa a jikin wayarsa.

"Ya ce na manyan mutane ne, babu irinsa har Sakkwato. Baba ya sa, ya jure har ƙarshe, ya cire ya ce kamar ana toya ƙosai a kunnensa."

Na juya shi a hannuna. Na ciro ɗaya daga cikin na leda da ke rataye a ƙusa, irin na ɗari biyar da 'yan acaɓa ke saye, na jera su.

"Duba nan, Nana. Kan roba mai tauri iri ɗaya, siririyar waya iri ɗaya. Na leda ne aka sa masa babbar riga."

"Ashe!"

"Ba na zagin na leda, shi nake sayarwa. Wanda ke son jin labarai a kan babur, ya ishe shi. Amma ba ya toshe kunne, rabin sautin a waje yake zubewa. Ƙasan murya ba ya fitowa sam, sai samanta, shi ya sa kowane harafi mai huci ke zama kamar tafasar mai. Wata ɗaya ko biyu, kunnen hagu ya mutu, wayar ta karye a wuya."

"To mi za mu yi?"

Na san abin da ke cikin aljihun teburina, kwana biyu ke nan ina tsoronsa kamar maciji.

Ran Asabar na bi hanyar Isa, hanyar da a 'yan shekarun nan mutum ba ya hawanta sai ya yi sallama da uwarsa sau biyu. Na shiga shagon wani mai kayan waya, na gwada iri biyar ɗaya bayan ɗaya, ina rubuta abin da na ji a littafina. Na bar masu tsadar gaske, na bar na leda, na ɗauko na tsakiya, na dubu huɗu. Yana da kawunan roba masu laushi girma uku, wayarsa saƙaƙƙiya ce mai kauri. Wanda ya sayi irinsa zai shekara bai koma kasuwa ba.

Na ciro shi, na sa mata ƙananan kawunan, na miƙa mata. Ta zura hannu cikin hijabi ta sa a kunne. Na kunna.

Idanunta suka buɗe.

"Wayyo Allah, Kakana! Kamar yana zaune nan. Har numfashinsa nake ji, Yaya Kalilu. Kowace kalma ta fito tar!"

"Ci gaba da saurare."

Na zuba wa agogon wayar ido. Minti na huɗu ya shiga. Murmushinta ya tsaya, sa'an nan ya gushe gaba ɗaya. Ta fizge iyafis ɗin daga kunnenta.

"Mi nake ji haka?"

"Abin da kika ji."

"Ganga?"

"Ganga."

Tana can ƙasa, a bayan muryar marigayi, tana bugawa a hankali. Ƙaramar lasifikar rikodar Malam ba ta taɓa iya fito da ita ba. Na leda ma ba ya iyawa. Sai wannan, wanda ke fito da kalmomin, shi ne kuma ke fito da ita. Ni kuwa tun bugu uku na farko na gane ta. Kiɗan kira ne na gidanmu, wanda ake tara jama'a da shi, kuma hannun kakana Wada ne. Mahaifina ya koya mini shi a kan ƙwarya tun ban shiga firamare ba.

Hawaye suka zubo mata.

"Ka rantse mini ba kai ka sa ba."

"Nana! Har ke?"

"Ka yi haƙuri, ka yi haƙuri. In ni na tambaya, mi kake zaton Yaya Halliru zai ce? Ɗan makaɗi ya karɓi kaset, kaset ya lalace a hannunsa, sai ga ganga cikin addu'a. Wa zai yarda da kai?"

"Babu."

"To ka ba shi na leda. Ka zaɓo mai ɗan dama-dama, ka ƙara masa ƙara. Ya ji abin da ya samu, Juma'a ta wuce lafiya."

"Ba zai ji ba. Na gwada bakwai cikin na ledar nan, na toshe kunnena ɗaya da auduga don in ji yadda yake ji. Kalma uku cikin goma ke fitowa."

"Ai ba laifinka ba ne!"

"Zai tsaya gaban gari duka da guntun addu'a, Nana. Mutanen da suka sayar da awakinsu suka sayi irin shuka na uku suna bayansa da hannuwa sama. Ni kuma ina tsaye a sahu, na san abin da zai ji da shi yana cikin aljihuna."

Ta kifa kai a kan teburi tana kuka mai cin rai.

"Shekara uku ina jiranka. Na ƙi wanda duk dangi ke so, gwaggonnina sun daina amsa gaisuwata. Yanzu da ƙofa ta ɗan buɗe, da hannunka za ka rufe ta?"

"Tsoro nake ji, Nana, wallahi. Kwana biyu ban ci abin kirki ba. Amma amana ya ce. In na shiga gidanku ta wannan hanyar, kullum na durƙusa gaishe shi za ni tuna."

Da ta miƙe, ta share fuska da gefen hijabi, ta ɗauki kwalin Halliru.

"Bayan la'asar Baba yana zaure," ta ce da dasasshiyar murya. "Ina bayan ƙofa. In ka ji an faɗi ƙasa, ni ce."

Bayan la'asar na isa. Babur ɗin Halliru na ƙofar gida, sabo fil, ledar kujerarsa ma ba a cire ba. Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na yi sallama, na durƙusa a bakin tabarma.

"Allah gafarta Malam, barka da yamma."

"Yawwa, ɗan Bawa. Ya muka ji da wanga zafi?"

"Sai godiya, Allah gafarta Malam."

Halliru na zaune a damansa yana kaɗa makullin babur. Ya dubi ɗan kwalin da ke hannuna ya yi dariya.

"Injiniya! Mi ka kawo? Baffa, wanda na kawo maka kwalinsa kaɗai ya fi wannan tsada. In na Maraɗi ya kasa, na Isa ne zai iya?"

"Kunne ba ya jin kwali, Alhaji," na ce a hankali, kaina a ƙasa.

"Ka ji shi! To ai ku ne masu kunne, gado ne."

"Halliru," in ji Malam. Halliru ya koma kaɗa makullinsa.

Na matsa da gwiwoyina. Na nemi izini na dubi kunnen Malam, na zaɓi manyan kawunan roba, na nuna masa yadda zai ja saman kunnen ya tura har ya zauna. Yana sawa ya ɗaga gira.

"Duniya ta yi tsit."

"Haka yake yi, Allah gafarta Malam. Yana rufe hayaniyar waje."

Na ɗora yatsa a kan wayar. Na yi bisimilla a zuci, na danna.

Malam ya runtse ido. Can sai leɓunansa suka fara motsi. Ya ɗaga hannu ɗaya kamar mai tsoron kada wani ya yi magana. Hawaye ya gangaro ya shige farin gemunsa.

"Baba," ya ce, da ƙarfi irin na wanda kunnensa ke toshe. "Wallahi Baba ne. Ga wurin da na manta, ga shi nan!"

Halliru ya daina kaɗa makulli. Ni kuwa agogo nake kallo. Minti biyu. Minti uku. Na ji motsi kaɗan a bayan ƙofar cikin gida.

Minti na huɗu ya shiga.

Leɓunan Malam suka tsaya. Ya buɗe ido, bai dube ni ba, bai dubi kowa ba. Ya cire na kunnen dama a hankali ya riƙe shi a tafin hannu.

"Baffa, lafiya?" Halliru ya karɓa ya cusa a nasa kunnen. Bai yi daƙiƙa goma ba ya zabura tsaye.

"La'ilaha illallahu! Ganga! Baffa, ganga ce cikin addu'ar Kaka!" Ya nuna ni da makulli. "Na faɗa maka! Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya sa kiɗan gidansu don a ce mu da su ɗaya ne. Ina kaset ɗin? A kawo a gwada!"

"Ya tsinke," na ce.

"Ya tsinke! Kun ji ko? Shekara arba'in yana lafiya, sai a hannun ɗan makaɗi ya tsinke!"

"Allah gafarta Malam, ban ƙara komai ba, ban rage komai ba. Na san da ita tun Asabar. Da na so ɓoyewa, da na kawo maka mai araha, ba za ka taɓa jin ta ba. Amma da shi ba za ka ji kalmomin ba."

"Ƙarya yake! Baffa, ka bar ni in kira mutanen masallaci su ji da kunnensu."

"Fita, Halliru."

"Baffa?"

"Na ce ka ba mu wuri. Kuma in na ji maganar ga a bakin wani, daga gare ka ta fito."

Halliru ya ajiye kan iyafis ɗin a tabarma, ya harare ni, ya fita. Ban ji tashin babur ba. Yana nan waje.

Wata akuya mai yunwa na kuka a maƙwabta. Malam ya daɗe yana jan casbi ba tare da leɓunansa sun motsa ba.

"Hannun wa ne?" ya tambaya.

"Na kakana Wada."

"Na sani. So nake in ji ko kai ka sani." Ya sauke numfashi. "Ina da shekara ashirin da biyu. Babu lasifika a garin ga sai ta gidan hakimi, ita ma ta lalace. Mutane sun watse cikin ƙauyuka, yunwa ta hana su fitowa. Baba da kansa ya taka har gidanku bayan asuba, ya ce wa Wada ya hau tudu ya kira su. Na ce masa, Baba, ganga a wurin salla? Ya ce mini, in kana da muryar da za ta kai Tsamaye, hau ka kira."

Na ɗago kai karo na farko.

"An idar da salla, an fara addu'a, mutanen nesa ba su gama isowa ba. Shi ya sa Wada ya sake ɗaukar ganga." Ya dubi memorin da ke cikin wayar kamar yana ganin tudun. "Na zaci kaset bai ɗauke ta ba. Shekara arba'in ban faɗa wa kowa ba. Ni ne na tsaya a kan mumbari na yi wa'azin hana kiɗa, ɗan Bawa. Almajiraina sun ji, 'ya'yansu sun ji."

Na sake sunkuyar da kai.

"Jama'a za su so a tura musu addu'ar ga a wayoyinsu bayan Alhamis. Kai mai ilimin abin ne. Kana iya cire ta?"

"Ina iyawa, Allah gafarta Malam."

"To cire ta. Ka kawo mini gobe, ran Juma'a ka turo manyanka."

Na ji an ja numfashi a bayan ƙofa. Abin da na yi shekara uku ina roƙo, ga shi an ajiye mini a kan tabarma. Aikin minti biyar ne a kwamfuta.

"Allah gafarta Malam, akwai abin da ya wajaba in faɗa maka kafin ka yanke. Na riga na gwada, ran Lahadi."

"Ka gwada?"

"Tsoro ya sa ni. Gangar da kaurin muryar marigayi a wuri ɗaya suke zaune, can ƙasan sauti. Amin ɗin jama'a ma a nan take. Da na yanke gangar, muryarsa ta koma siririya kamar ta cikin gwangwani, irin yadda ka ji jiya. Kalmomin na nan, amma in ka rufe ido ba shi za ka gani ba. In ka ce in yi, za ni yi, muryar mahaifinka ce. Sai dai ba ni iya kawo maka ita in ce maka ita ce amanar da ka ba ni."

"Ko da za ka rasa abin da kake nema?"

Sai na gyaɗa kai, hawaye na ɗiga a kan gwiwata.

Kukan da Nana Hauwa ke riƙewa ya ƙwace mata. Malam bai waiwaya ba. Ya ɗauki kan iyafis ɗin daga tabarma, ya goge shi da bakin rawani, ya ja saman kunnensa yadda na nuna masa, ya mayar.

"Mai da shi farko."

Na mayar. Ya saurara tun daga bisimilla. Minti na huɗu ya zo, na ga jijiyar wuyansa ta motsa, amma bai cire ba. Ya bi ta har ƙarshe, minti goma sha ɗaya, ni kuwa ina durƙushe ƙafafuna sun mutu. Da aka shafa, shi ma ya shafa.

Ya naɗe wayar iyafis ɗin a yatsunsa a tsanake, ya sa a aljihun gaban rigarsa.

"Bar ta yadda take."

"Allah gafarta Malam, Alhaji Halliru ya ji. Gobe gari duka zai ji."

"Gara su ji daga bakina. Za ni faɗa musu ran Alhamis kafin in ɗaga hannu." Ya juya wajen ƙofa, ya kira ta da sunan da yake kiranta saboda ta ci sunan mahaifiyarsa. "Uwata, bar kukan nan, ki kawo wa baƙo ruwa."

A waje babur ya tashi da ƙarfi, ya nufi hanyar masallaci. Na dubi Malam a firgice. Shi kuwa ko gezau.

"Ɗan Bawa."

"Na'am, Allah gafarta Malam."

"Manyan da ka turo sau biyu, maƙwabta ne da abokan arziki. Ka ɓoye ubanka don kada in gan shi. Ran Juma'a ba ni son ɗan aike. Ka ce wa Bawa ya zo da kansa, ya shigo ta ƙofar ga, ya zauna nan inda Halliru ya tashi."